Kontar da ta tona asirin gidan Misbahu

Akwai wata injiniya 'yar Tasawa mai suna Raihana, wadda kamfaninsu ya tura wani ƙauye a yankin Issawane don ta tsara musu wutar sola.

Aiki ya yi kyau. Kuran, wato wutar lantarki, ya shiga gidaje, kuma kowane gida aka saka masa kontar, wato na'urar auna wuta, irin ta zamani. Duk abin da aka kunna ko aka kashe, nan take sai ya bayyana a kwamfutar Raihana da sunan mai gidan.

Alhaji Manzo shi ne shugaban kwamitin wutar, shi ya ba da filin da aka jera faifan sola. Mutumin kirki ne, sai dai magana ba ta kwana a cikinsa. Don girmamawa, Raihana ta saka masa manhajar duba kontar a salularsa, ta koya masa yadda ake dubawa.

Wata ranar kasuwa ana shan shayi a gindin itacen bedi, sai Alhaji ya dubi wani magidanci ya ce, "Misbahu, na ga a salula keken ɗinkin matarka Zara'u ya yi shiru kwana biyu. Ko ta yi yaji ne?"

Majalisa ta fashe da dariya. Misbahu bai yi ba.

Ashe gaskiya ne. Sun sami saɓani, matar tasa ta tafi gidansu, manya na ta sulhu a ɓoye. Da maganar ta bazu har ta kai kunnen mahaifinta, sai ya ce tunda an mai da ɗiyarsa abin hira a kasuwa, ba inda za ta koma.

Washegari Misbahu ya sami Raihana. "Malama, ki cire mani abin nan. Gara in koma wa cocilata."

Kafin azahar wasu sun biyo bayansa. Wani makiyayi ya ce, "Mu da ke tafiya da dabbobi mu bar mata da yara, ke nan kowa zai san ran da ba namiji a gida?"

Raihana ta saurare su duka. Ta ba Misbahu haƙuri, ta ce laifin tsarinta ne. Ta kira ofishinsu ta yi ta bayani har suka amince, sannan ta zauna ta sake aikin. Kowane gida zai ga nasa kawai. Kwamiti kuwa jimillar unguwa zai riƙa gani, ba suna, ba lokacin kunnawa.

Da Alhaji ya ga salularsa ta daina nuna gidaje, ya zo a fusace.

"Ɗiyata, ni za ki rufe wa ƙofa? A filina fa wutar nan take!"

Raihana ta durƙusa ta gaishe shi, ta bari ya gama. Sannan ta ce, "Baba Alhaji, ko Liman ba ya shiga gidan mutum sai da sallama. Na'urar nan kuwa na bar ta tana shiga har ɗaka ba sallama. Ni ma yanzu na rufe wa kaina. Naka gidan ma ba mai gani."

Alhaji ya dubi salularsa. Can ya ce, "Har nawa gidan ana gani a da?"

"A da ana gani, Baba."

Ya gyara hularsa ya tafi. Bayan sallar Juma'a ya ɗauki goro ya nufi gidan mahaifin Zara'u da ƙafarsa, ya ce bakinsa ne ya yi ɓarna, a yafe masa. Kafin sati ya zagayo Zara'u ta koma ɗakinta.

Ba wanda ya sake maganar cire kontar. Da mutanen garin Kona suka zo ganin aikin don su ma suna so, Alhaji Manzo ne ya zagaya da su, yana ta washe baki.

"Ku nemi yarinyar nan ta yi muku," in ji shi. "Wutarmu haske kawai take kawowa. Ba ta ɗaukar gulma ta fita da ita."

Darasi: Duk ci gaban da zai yaye wa mutane rufin asiri, da sauran gyara. In an ba ka amanar sanin cikin gidan wani, ka tsare ta tun daga tushe, kuma in ka yi kuskure kada girman kai ya hana ka gyarawa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu aikin na'urori.