Gawayin Mama Tagwai

Akwai wata budurwa a Unguwar Boro, nan kudancin Kaduna, sunanta Eunice Daniel. A shekarar 1986 abin nan ya faru, lokacin da ake ta ɗibar ma'aikata ana kai su Abuja, kowa na addu'a sunansa ya fito.

Eunice ta iya tafireta, ta iya Turanci, ta iya kwalliya. Kuma ta san ta iya, matsalarta ke nan. In kika gaishe ta da Hausa sai ta amsa miki da Turanci, ko da kuwa ke kika goya ta tana jaririya.

A bakin tashar motocin hanyar Abuja kuwa akwai wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai, ana ce mata Mama Tagwai. A gefen rumfarta ta jingina wani tsohon kwanon rufi, ya yi baƙi ƙirin da rubutun gawayi.

Ga aikin kwanon. Duk macen da Mama ta gani za ta shiga mota ita kaɗai, sai ta ajiye ludayi, ta leƙa lambar motar, ta rubuta. Sannan ta ɗaga murya yadda direba zai ji:

“’Yata, kawunki soja yana jiranki inda za ki sauka. Lambar motar ma ga ta nan na rubuta!”

Babu wani kawu, babu wani soja. Matan unguwa duk sun sani, kuma sun san amsar da ake bayarwa: “To, Mama.” Shi ke nan. Direban da ke da mugun nufi ya ji cewa yarinyar nan da mai ita.

Direbobin tasha suna tsokanarta, suna kiranta Sajan Gawayi. Ita ko a jikinta. Eunice kuwa duk sanda ta wuce sai ta taɓe baki, don a ganinta wannan ƙauyanci ne tsagwaronsa.

Ana nan, takardar aikin Eunice ta fito. An ce ta bayyana a ofis a Abuja ranar Litinin kafin azahar. Ta yi sammako, ta sa siket da takalmi mai tsini, ta rungumi jakar takardunta, ta nufi tasha ita kaɗai.

Motar da ke kan layi saura mutum huɗu ta cika. Eunice ta duba agogo, ta yi tsaki, ta sake dubawa. Sai ta fito bakin titi.

Ko minti biyu ba ta yi ba wata farar mota ƙirar Fijo ta tsaya a gabanta. Mutum uku ne a ciki: direba, wani mai jarida a hannu a gaba, da wani mai farar riga a baya. Dukkansu tsaf-tsaf.

“Abuja, Madam? Ba jira, yanzu za mu wuce.”

Kalmar “Madam” ta yi mata daɗi. Ta buɗe ƙofar baya ta shiga.

Mama Tagwai ta riga ta taso da gawayinta. Ta leƙa lambar, ta koma ta fara rubutawa. Eunice na kallonta ta taga, sai ta ga hannun tsohuwar ya tsaya cak a jikin kwanon. Mama ta juyo, ta sake kallon lambar, ta kalli motar.

Ta matso kusa da taga. Wannan karon muryarta ta fi ta kullum ƙarfi.

“’Yata, kawunki soja yana jiranki. Amma fito tukuna, akwai saƙon da zan ba ki ki kai masa.”

Ran Eunice ya ɓaci. A gaban waɗannan mutane masu tsabta mai koko za ta kira ta ’yarta?

“Please, Mama, ki daina wannan abin. Ni ba ’yarki ba ce. Ba ni da wani kawu soja, kuma ba wanda ke jirana. Ni kaɗai nake tafiyata, kuma na iya.”

Mai jarida ya kalli direba, direba ya kalle shi. Eunice ta ga kallon sarai, amma ta ɗauka dariyar tsohuwar suke yi tare da ita. Jama'a, da bakinta ta gaya musu abin da suke son ji.

Direba ya sa giya. Kafin ya ɗaga ƙafa, Mama ta suri tukunyar kokon da ta sauke yanzun nan, ta naɗe hannuwan da tsumma, ta finciki ƙofa ta faɗo ciki. Ta ture Eunice tsakiya, ta ɗora tukunyar a cinya.

“Mama, mota ta cika!” in ji direba.

“Ina ta cika? Ƙauyen Kakau nan gaba kawai zan sauka. ’Yan Zumuntar Mata ke taro, kokonsu zan kai.”

Ta leƙa ta taga ta ƙwala wa maƙwabciyarta mai sayar da burodi kira.

“Jummai! Duba mini wuta. Ki ce wa Nuhu na ga akuyarsa da ta ɓata, ta bi hanyar Kakau. Ya duba kwano!”

Mutane sun fara juyowa suna kallo. Direba bai son hayaniya, sai ya ja mota.

Eunice ta cika ta yi fam. Ga ƙaurin hayaƙi, ga zafin tukunya yana gasa mata gwiwa, ga siket ɗinta da ta goge tun jiya yana yamutsewa. Mama kuma ta kwance jan ɗankwalinta ta sake shi ta taga yana ta kaɗawa.

“Mama, ɗaga gilashi,” in ji mai jarida.

“Kai ɗana, in na rufe amai zan yi. Ka zaɓa.”

Ya koma kan jaridarsa.

Da suka iso Kakau direba ya taka birki. “Ga Kakau, sauka.”

Mama ta leƙa. “Af, ba nan ba ne. Gaba kaɗan, wajen mangwaron can.”

Suka je wajen mangwaro. Ta ce a'a, kamar sun wuce, ko zai ɗan koma baya? Ya ƙi. Ta ce to gaba kaɗan, a hankali, idonta ba ya gani sosai. Sau huɗu tana tsayar da shi, sau huɗu tana cewa gaba kaɗan. Eunice har ta buɗe baki za ta ba mutanen haƙuri da Turanci.

Sai ta ji an damƙi wuyan hannunta ta ƙarƙashin tsumman tukunya. Riƙo ne mai ƙarfi, hannun Mama ne. Ta juya. Bakin Mama na ta surutu, amma idanunta ba sa dariya ko kaɗan.

A nan ne Eunice ta gane ba lafiya ba.

Gidajen Kakau suka ƙare. Ba zato direba ya karya sitiyari ya sauka daga kwalta, ya shiga wata hanyar burji da ta ratsa gonakin masara.

“Driver, wannan ba hanyar Abuja ba ce,” in ji Eunice. Turancin ya gudu.

Mai farar riga da ke gefenta ya zaro wuƙa ya ɗora a cinyarsa.

“Madam, ai kin ce ba wanda ke jiranki. To saurin me kike yi?”

Eunice ta tuna mahaifiyarta da ta bari tana shara a tsakar gida, ko sallamar kirki ba ta yi mata ba.

Sai ta ji ƙarar murfi. Mama Tagwai ta buɗe tukunya, tururi ya turnuƙe motar. Ta ɗaga ta da hannu biyu, daidai ƙeyar direba.

“Ɗana direba,” in ji ta, a hankali kamar mai ciniki. “Kokon nan bai huce ba, ka ji shi a wuyanka. Hanyar nan gargada gare ta, ni kuma hannuna ya tsufa. In ka ƙara shiga rami ɗaya, ban san abin da zai faru ba.”

Motar ta rage gudu.

“Tsohuwa, kina son ki mutu?” in ji mai wuƙa.

“Shekara biyar ke nan ina jiran ranar. Kai fa, ka shirya? Lambar da kuka liƙa a motar nan, uku, takwas, ɗaya, biyar, ta Nuhu direban tasharmu ce. Motarsa Datsun ce koriya. Shekaranjiya aka sace lambar a wajen makanike. Na rubuta ta ya fi sau ɗari, ko a mafarki na san ta. Kuma mai ita yana tafe.”

Mai jarida ya juyo a fusace ya kai wa tukunyar duka. Mama ta karkata jikinta ta kare Eunice. Rabin kokon ya kwarara a kafaɗar direba, rabi a hannunta. Direba ya kurma ihu ya saki sitiyari, motar ta faɗa kunyar masara ta mutu.

Da ƙonannen hannun Mama ta buɗe ƙofa, ta jawo Eunice waje.

“Cire takalmin nan ki gudu!”

Ba su yi nisa ba suka ji hon. Wata koriyar Datsun ce marar lamba ta shigo burjin a guje, cike da direbobin tasha, har da na kan but ɗin baya. Jan ɗankwalin Mama da ya faɗi a mahaɗar hanya shi ya nuna musu inda za su karya. Manoman da ke kusa suka ji ihu, suka fito da fartanyu.

Mai jarida ya tsere cikin masara. Direba da mai wuƙa kuwa ba su je ko'ina ba aka cafke su. A but ɗin Fijon aka sami igiya, da jakunkunan mata guda uku, da takalmi ƙafa ɗaya.

Eunice ta kalli takalmin nan, ta durƙusa a gona ta yi ta kuka.

Nuhu ne ya ɗauke su zuwa asibiti. Mutum ne mai barkwanci, shi ya raɗa wa Mama sunan Sajan Gawayi, amma ranar ko murmushi bai yi ba. A hanya Eunice ta riƙe hannun Mama mai lafiyar.

“Mama, me ya sa ba ki yi ihu tun a tasha ba?”

“Kina ciki, mota na kunne. Da na yi ihu da sun tashi da ke.”

“To me ya sa kika shigo? Bayan abin da na gaya miki?”

Mama ta juya tana kallon taga. Nuhu ne ya amsa, idonsa na kan titi.

“Sista, kin taɓa tambaya wace ce Tagwai? ’Yarta ce. Ɗan'uwan haihuwarta bai zo da rai ba, ita kaɗai ta rage. Shekara biyar da suka wuce ta shiga mota a daidai inda kika shiga, za ta Kafanchan. Har yau.”

Mama ta share ido da gefen zani.

“Ni na raka ta,” in ji ta. “Na ga motar da idona. Da muka je wurin ’yan sanda suka ce, Mama, mece ce lambar motar? Na tsaya ina kallonsu. Ban yi makaranta ba. Lambar tana gabana, na kalle ta, ban iya karanta ta ba.”

Ta ja numfashi.

“Sai na shiga ajin yaƙi da jahilci a coci. Na ce wa malamar, ni ba ruwana da A da B, ki koya mini ɗaya zuwa tara da sifiri. Su kaɗai na iya har yanzu.”

Eunice mai satifiket, mai buga kalma sittin a minti ɗaya, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba.

A asibiti aka shiga da Mama ɗakin wanke ƙuna. Eunice ta bi bayansu ba takalmi, siket duk koko da jar ƙasa. Wata nas ta tare ƙofa da hannu.

“Dangi kawai. Ke mece ce ɗinta?”

Da Hausa Eunice ta amsa, da ƙarfi, har na kan benci suka juyo.

“’Yarta ce ni.”

Daga cikin ɗakin aka ji muryar Mama, a gajiye amma da tsokana.

“Ku bar ta ta shigo. Kawunta soja ma yana hanya.”

Eunice ta shiga tana dariya tana hawaye. Ta sunkuya kusa da gadon ta ce, “To, Mama.”

Darasi: ’Yar'uwa, in za ki yi tafiya ke kaɗai, ki shiga mota a cikin tasha ko da za ki jira. Ki tabbata wani ya san lambar motar, kuma direba ya san an sani. Kada ki taɓa gaya wa baƙo cewa ba wanda ke jiranki. Kuma kada iliminki ya sa ki raina mai yi miki kashedi, wataƙila da hawaye ta sayi abin da take ba ki kyauta. Mu kuma da ke bakin hanya, ’yar kowa tamu ce. Ku tura wa ƙannenku da ’ya’yanku mata wannan labari tun kafin tafiyarsu ta gaba.