Ƙararrawa Ta Biyu

Akwai wani ɗalibi makaho a kwalejin da na koyar kafin gwiwoyina su gaji da hawa bene. Zomo abokansa suke ce masa, saboda kaifin jinsa. Tun malami yana ƙarshen baranda zai ce wa 'yan aji, "Ku yi shiru, ga mai jan takalmi nan." Kuma shi ɗin ne zai shigo.

Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa yana ƙarami. Ko sanƙarau? A'a, ƙyanda ce. Ku yi haƙuri da ni, 'ya'yana, abubuwa suna zame mini kwanakin nan, amma wannan labarin bai zame ba.

Zomo bai zo kwaleji shi kaɗai ba. Tare suka zo da ɗan kawunsa, wanda ake kira Dogo, kuma ajinsu ɗaya. Makaranta ta ba su ɗaki a ƙasa kusa da famfo, mai gado biyu: ɗaya na Zomo, ɗaya na mai yi masa jagora.

Kullum da safe Dogo zai miƙo gwiwar hannunsa ya ce, "Kama, taubashi, mu je a sha boko." Zomo ya kama, su fita. Da yamma Dogo ya karanta littafi da ƙarfi, Zomo ya saurara, sannan ya warware masa abin da ya karanta ɗin. Dogo yana da ido, amma karatu ba ya zama masa sai ya bi ta bakin Zomo.

A shekararsu ta biyu Zomo ya shiga wasan ƙwallon makafi.

Bari in faɗa muku yadda ake yin sa, don ni ma sai da na tsufa na gani. A cikin babban ɗakin wasanni ake yi. Mutum uku nan, uku can, kowa an rufe masa ido da baƙin ƙyalle, don kada mai ɗan sauran gani ya cuci wanda ba shi da shi. Ƙwallon tana da nauyi, da ƙararrawa a cikinta. Mirgino ta ake yi da ƙarfi a ƙasa, kai kuma ka saurara, ka zube ka tare ta da jikinka kafin ta shiga raga. Babbar dokar wasan ita ce shiru. Da alƙali ya ɗaga hannu, ko tari ɗan kallo ba ya yi.

Zomo ya samu abin da ya dace da shi. Yaron da duk rayuwarsa ake ce masa "a hankali, kada ka faɗi", yau ga wurin da ake yaba masa in ya faɗi da kyau. Yakan dawo ɗaki da ƙugu a kumbure, gwiwa a ɗaye, yana dariya.

"Yaya Dogo, ka ga wadda na tare kuwa?"

"Na gani. Kamar an jefar da buhun siminti."

"Buhun da ya hana a ci mu, ko?"

Wata rana wata tsohuwar ƙwallo ta fashe, koci ya ciro ƙararrawa ɗaya daga cikinta ya ba Zomo. 'Yar ƙarama ce, ta lotsa a gefe, muryarta a shaƙe kamar ta mai mura. Zomo yana ajiye ta a ƙarƙashin matashinsa. In sun gama karatu sai Dogo ya riƙa kaɗa ta a kusurwoyin ɗaki, Zomo yana nuna inda take da yatsa. Bai taɓa kuskure ba.

Sunan Zomo ya fara zagaya makaranta. Sunan Dogo kuwa ya ɓace. Wani ɗan ajinsu mai tsinin baki ya laƙaba masa Sanda, sunan ya bi shi.

"Zomo, ina kwana? A'a, Sanda, ashe kana magana!"

'Yan mata su kwashe da dariya. Zomo ma yakan yi dariya, don a zatonsa wasa ne. Ba ya ganin fuskar Dogo, kuma Dogo bai taɓa buɗe baki ya ce abin yana ci masa rai ba. Sai ya haɗiye, ya miƙa gwiwar hannu.

Na taɓa karanta wani bayani a kan irin wannan haɗiya, a wani littafi mai koren bango. Sunan littafin ya tafi. Mu koma.

Sai koci ya sanar cewa za a yi wasan zaɓe. Za a ɗauki waɗanda za su wakilci kwaleji a gasar manyan makarantu, kuma mai tsaron tsakiya ɗaya kawai ake so. Kowa ya san na Zomo ne. Har ya kira mahaifiyarsa a waya ya ce, "Umma, ɗanki zai hau babbar mota da rigar makaranta." Ta yi ta kuka tana sa albarka.

Ranar da za a yi, mai tsinin bakin nan ya tare Dogo a bakin famfo.

"Sanda, an ce maigidanka zai yi tafiya. Kai a ina za a sa ka, cikin jaka ko a saman mota?"

Dogo ya juya ya bar wurin. Ya koma ɗaki. Zomo yana wanka. Dogo ya ɗaga matashin Zomo, ya ɗauki ƙararrawar, ya dunƙule ta a hannu, ya cusa a aljihu.

Ɗakin wasa ya cika. Da yake Dogo ɗan jagora ne, an ba shi kujera a gaba, dab da kusurwar ragar su Zomo ta hagu. Alƙali ya ɗaga hannu. Wuri ya yi tsit.

Aka mirgino ƙwallo ta dama. A daidai lokacin Dogo ya sassauta yatsunsa a cikin aljihu, ya ɗan girgiza. Ƙara ce 'yar mitsitsiya, ta shige cikin ƙarar ƙwallon. Alƙali bai ji ba. Koci bai ji ba. Abokan wasan Zomo biyu ma ba su ji ba. A duk ɗakin nan kunne ɗaya ne yake da kaifin da zai ji ta.

Zomo ya zube hagu da dukkan ƙarfinsa. Ƙwallo ta wuce ta dama, ta shige raga.

Wani ya tuntsire da dariya a baya, wasu suka taya shi. Alƙali ya busa usur ya nemi shiru.

Aka sake mirginowa. Zomo ya sake zubewa inda babu komai, ya rungumi iska, haɓarsa ta bugi ƙasa. Wannan karon dariyar ta game ɗakin. Wasu suka ɗaga wayoyi suna ɗauka.

"Zomo ya ga karas a hagu!" in ji mai tsinin baki.

Koci ya nemi a dakata. Ya zo ya dafa kafaɗar Zomo. "Kai, me ya same ka yau?"

"Koci, ƙararrawa biyu nake ji."

"Biyu? Ƙwallo ɗaya ce a filin nan, yaro. Ka nutsu, ko in sa wani."

Na kusa suka ji, suka miƙa wa na baya. "Wai biyu yake ji! Ido ya tafi, kunne ma ya bi shi!"

Aka koma. A jifa ta uku Zomo bai bi ƙwallon da kunnensa ba. Ya bar ta, ya saurari ɗayar. Ya ji ta sarai: 'yar ƙarama, a shaƙe, kamar mai mura. Ya san ta kamar yadda ya san muryar uwarsa. Ya kuma san kujerar wanda ke wannan kusurwa.

Bai zube hagu ba, bai zube dama ba. Ya tsaya a durƙushe kamar an dasa shi. Ƙwallo ta gogi yatsunsa ta wuce.

Koci ya cire shi. Aka ba wani yaro wurin, kuma shi aka zaɓa.

Da aka watse, Zomo yana zaune a benci shi kaɗai, jini yana ɗiga daga haɓarsa, ƙyallen yana hannunsa. Sai ya ji takun da ya fi sani a duniya.

"Sannu, taubashi. Haka wasa yake. Kama mu je."

'Ya'yana, nan ne wurin da ya fi taɓa ni duk sanda na tuna. Yaron nan bai san hanyar ɗakinsa ba. Tun da ya zo makarantar bai taɓa taka ta shi kaɗai ba. Ya miƙa hannu ya kama gwiwar hannun da ta kayar da shi.

Suka bi ta gaban ɗakin karatu, ana nuna su ana dariya. Da suka shiga ɗaki, Zomo ya saki hannun, ya buɗe tafinsa.

"Yaya, ba ni ƙararrawata."

"Wace ƙararrawa kuma? Ka duba ƙarƙashin matashi mana."

"Tana aljihunka na dama. Tun daga fili hannunka yake a sandare, ka matse ta don kada ta yi ƙara. Ni nake riƙe da hannun nan kullum, na san yadda yake lilo in babu komai a cikinsa."

Dogo ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ciro ta ya ajiye masa a tafi.

"Haba, wasa ne fa. In ban tsokane ka ba, wa zan tsokana? Ba taubashina ba ne kai?"

"Wasa ne," in ji Zomo. "Na ji an yi dariya."

Bai kai ƙara wurin koci ba. Ya san in ya faɗa, maganar ba za ta tsaya a makaranta ba, sai ta shiga tsakanin mahaifiyarsa da yayanta, mahaifin Dogo. Motar 'yan wasa ta tashi ba da shi ba. Yana zaune a bakin gado ya ji tashinta, ya ji waƙar da suke yi har ta ɓace.

Washegari Dogo ya miƙo gwiwar hannu kamar kullum. Zomo ya lalubo farar sandar da aka ba shi tun shigowarsa, wadda bai taɓa amfani da ita ba, ya wuce ta gefensa.

Ranar farko ya faɗa kwata, ya shiga aji da wando a jiƙe yana wari. Rana ta biyu ya yi karo da wani babur da aka ajiye a hanya, salansa ta ƙone masa ƙafa. Waɗanda suka ɗauke shi a waya a filin wasa suka sake samun abin ɗauka. Dogo yana biye da shi a baya yana cewa, "Don Allah ka kama, mutane suna kallona." Zomo bai juyo ba.

A hankali hanya ta buɗe masa. Ɗigar famfo ta nuna masa inda zai karya kwana. Ƙarar injin buga takardu ta gaya masa ya iso ɗakin karatu. Ya samu wasu 'yan aji suna karanta masa darasi a waya, yana saurara a ƙarƙashin bishiya.

Dogo kuwa ya zauna da littattafansa. Yana karantawa da ƙarfi kamar da, amma babu mai warware masa. Ya zauna jarrabawa, ya faɗi warwas. Aka ce ya maimaita shekara. Da mai kula da ɗakunan kwana ya tambayi Zomo ko har yanzu yana buƙatar ɗan jagora, ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, na iya hanya." Aka ba wani ɗalibi gadon Dogo.

Da hutu suka koma gida a mota ɗaya, kowa da kujerarsa.

Da yamma dangi suka taru a tsakar gidan su Zomo yi musu sannu da zuwa. Kawu yana nan a kan kujera, ransa a ɓace saboda sakamakon ɗansa. Mahaifiyar Zomo ta ga haka, ta matso kusa da Dogo ta kama hannunsa.

"Yaya, kada ka yi wa yaron nan faɗa," ta ce wa kawu. "Hidimar ɗana ce ta cinye masa karatu. An gaya mini ranar da ɗan'uwansa ya sha kunya a wurin wasa, shi ne a kujerar gaba, shi ne kuma ya riƙo shi har ɗaki."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Goggo, ki bari."

"Ba zan bari ba. Ba ni da abin da zan biya ka, sai addu'a." Ta ɗaga hannuwanta sama, hawaye yana zuba. "Ya Allah, abin da yaron nan ya yi wa ɗana, wanda na sani da wanda ban sani ba, Ka yi masa irinsa. Ka ninka masa. Ka haɗa shi da wanda zai riƙe shi kamar yadda ya riƙe mini makahona."

Tsakar gida ta amsa baki ɗaya, "Amin!" Har kawu, da ƙarfi.

Murya ɗaya ce ba ta fito ba, kuma kunne ɗaya ne ya lura.

Zomo ya juyo da fuskarsa daidai inda Dogo yake zaune. Ya sa hannu a aljihu, ƙararrawar ta yi 'yar ƙararta a shaƙe.

"Yaya Dogo," ya ce a hankali, "Umma tana yi maka addu'a. Ka ce amin mana."

Darasi: Wanda ya kama hannunka don ba shi da wata hanya, amana ce Allah Ya ɗora maka, ba abin wasa ba. In zuciyarka ta yi nauyi, buɗe baki ka faɗa, kada ka huce a kan mai rauni. Kuma kafin ka yi wa mutum wani abu a ɓoye, tambayi kanka: in aka roƙa mini irinsa a gaban jama'a, zan iya cewa amin? Ku tura wa 'yan'uwa, 'ya'yana, musamman masu riƙe da hannun wani.