Ladingo da Masaƙiyar Hanta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha labari.

Wata mata ce, sunanta Ladingo, sana'arta kaɗi. Mijinta Barau ya kwanta ciwo, ido ya yi rawaya, ƙafa ta kumbura. Ladingo ta ce, "Ba zan zauna ina kallo ya tafi ba."

Sai ta kira Tururuwa, ta ce, "Ƙawata, shiga cikinsa ki gano mini."

Tururuwa ta shiga, ta fito. Ta ce, "Wata 'yar mitsitsiyar aljana ce a hantarsa. Tana da masaƙa, tana da almakashi. 'Ya'ya take saƙawa, ta yanke, ta saƙa, ta yanke, kowace 'ya da nata kayan aikin. Amma gaggawa gare ta, ba ta duba saƙarta. Wata ta fito daidai, wata ta fito a karkace."

Ladingo ta je wurin maƙeri, ya ƙera kube daidai bakin almakashi, ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Barau ya haɗiya. Kube ya rufe almakashi, ba damar yanka, aljanu suka mutu. Sai guda ɗaya, wadda almakashinta ya fito a karkace, kube bai shiga ba. Ta saƙa, ta yanke, hanta ta sake cika, duk masu karkataccen almakashi.

Maƙeri ya ƙera karkataccen kube. Barau ya haɗiya kwana bakwai, ya ji ƙarfi, ya ce, "Na warke, ba ni fartanyata."

Ladingo ta ce, "Maigida, da saura."

Ya ce, "Ke, tuwo ma ana gajiya da shi."

Ashe akwai saura, cikinsu har da mai guntun almakashi. Ta saƙa, ta yanke. Barau ya sake zubewa.

Ladingo ta zauna, ta yi tagumi. Ta ce, "Tururuwa, wadda masaƙarta ta fito a karkace fa?"

Tururuwa ta ce, "Waccan ba ta haihuwa. Masaƙa in ta karkace, saƙa ba ta tafiya."

Ladingo ta ce, "To, ashe masaƙa ce abin da aljana ba ta iya canzawa."

Ta ɗauki mazari, ta kaɗa zare mai kyan gani, amma kowane taƙi da ƙulli. Ta karɓo sabon kube wurin maƙeri. Ta haɗa biyun ta miƙa wa Barau.

Barau ya ce, "Har yaushe?"

Ta ce, "Kasuwa goma sha biyu. Ka tsallake kwana ɗaya, ka nemi mai yi maka tuwo."

Aljanu suka ga zare, suka wawure. Ƙulli ya maƙale, masaƙa ta tsaya. Wadda ta kuɓuce wa kube, zare ya kama ta. Wadda ta ƙi zare, kube ya rufe ta.

Kasuwa goma sha biyu ta cika. Tururuwa ta shiga, ta daɗe, har Ladingo ta kasa zama. Can ta fito, ta ce, "Na zaga lungu-lungu. Ba kowa."

Ladingo ta sauke numfashi, ta jingina da bango, ta yi barci har la'asar.

Shi ya sa ake haɗa magani biyu ga ciwon da ke canza kama, kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Ƙurunƙus, kan ɓera na can a murhu, mai so ya ɗauka.