Kwalbar da Ba Ta Shiga Randa Ba

An yi wani mutum mai gonar inabi a gindin dutse. Da kaka ta yi, ya matse ruwan inabi, ya ɗura a kwalabe, ya toshe bakinsu ya ajiye. A cikinsu akwai wadda ya fi ji da ita, domin daga kurangar da mahaifinsa ya dasa ta fito.

Ranar auren ɗansa baƙi suka cika gida. Ya fito da babbar randa, yana juye kwalaben a ciki ɗaya bayan ɗaya. Yayarsa, wata gwauruwa wadda idanunta suka yi rauni, tana zaune kusa. Yana buɗe kwalbar da yake ji da ita, sai ta ɗaga kai.

Ta ce, "Dakata, miƙo mini wannan."

Ta sunsuna, ta sake sunsunawa. "Kada ka zuba. Tana warin funfuna, kamar tabarmar da ruwa ya jiƙa aka naɗe."

Ransa ya ɓaci. "Haba Yaya! Da kina gani, da kin ga yadda take ja garau."

"Ba na ganin launi, ƙanena. Kai dai kai hancinka."

Ya kai hanci ba da son ransa ba. Ya kurɓa kaɗan, ya tofar. Da ya duba abin da ya toshe bakin da shi, ashe ya ruɓe tun tuni. Saura kaɗan ya ɓata randar duka a gaban surukai.

Ya zubar da ruwan kwalbar a bayan gida, ya dawo ya durƙusa. "Yaya, ki gafarce ni. Duba mini sauran."

Ta sunsuna su duka, ba ta sami aibu ko a ɗaya ba. Baƙi suka sha, aka yi biki da murna.

To, ga abin da misalin nan yake koya mana. Randar ita ce gidanka da ikilisiyarka. Kwalbar kuwa halin nan ne da kake kārewa, mai kyau a ido, amma ya lalace a ɓoye. Sau da yawa kai ba za ka ji warinsa ba, sai Ubangiji ya aiko ɗan'uwa ya faɗa maka. Kada ka yi fushi da shi. Ka duba, ka tuba, ka zubar. Allah bai ce duk aikinka ya ɓaci ba, kwalba ɗaya yake so ka rabu da ita.