Kwangirin Baba Dawuda A Cikin Siminti

Ya 'yan uwa, a nan Sabon Garin Minna an yi wani mutum mai sana'ar itace. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, su kuwa ba su yi wa kowa laifi ba. Amma kafin in ba ku labarinsa sai na fara ba ku labarin wani ƙarfe, don yaran yanzu ba su san shi yadda muka san shi ba.

A jikin ceɗiyar da ke ƙofar masallacinmu akwai guntun kwangiri, wato ƙarfen layin dogo, a rataye da sarƙa. Tsawonsa bai wuce kamu uku ba, amma ƙato ɗaya ba ya ɗaga shi. Kakanninmu da aikin reluwe ya kawo garin nan su suka rataye shi, mu tashi muka yi muka gan shi.

Idan aka buga shi da sauri ba ƙaƙƙautawa, gobara ce, kowa ya fito da bokiti. Idan aka buga biyu-biyu, yaro ne ya ɓace. Idan kuwa aka buga uku a hankali, aka dakata, aka ƙara uku, to an yi rashi, maza su ɗauko diga da shebur. Ƙarfen nan ba ya tambaya ko Banufe ne ya rasu ko Bayarabe ko Bagwari, ko mai zuwa masallaci ne ko mai zuwa coci. Ya buga kawai, mu fito. Wallahi ina kewar zamanin nan.

Mai buga shi wani dattijo ne, Baba Dawuda, tsohon ma'aikacin reluwe. Ya fi shekara arba'in yana wannan aiki, ba wanda ya taɓa biyansa. Yana da 'yar gudumarsa da ya naɗe wa ƙota da roba. Muna yara, idan muka jefi ƙarfen da dutse muka sheƙa, sai ya biyo mu da sanda yana faɗa. Bai taɓa kama ko ɗayanmu ba, sai da na girma na gane da gangan yake yi. Mabuɗin masallaci ma a hannunsa yake. Ba shi da gona, ba shi da shago, sunan kirki shi ne duk abin da ya tara.

To, shi wannan mai itace da gatari ya fara. Allah ya buɗa masa ya sayi injin yankan itace, daga baya ya sayi wata tsohuwar tarakta mai hannu a gaba, wadda yake ɗaga gumagumai da ita. Sai dai tana da matsala. Duk lokacin da ta ɗauki babban gungume, sai ƙafafunta na baya su ɗaga sama kamar jaki zai yi harbi.

Ya kai ta wurin Gaiya mai walda, maƙwabcinmu. Gaiya ya zagaya ta, ya ce, "Oga, wannan nauyi yake so a baya. Ka samo duro, ka samo ƙarafa masu nauyi. Zan soka rodi, wato sandar ƙarfe, ta tsakiya, in ƙone shi da ƙarafan su zama abu ɗaya, kafin a zuba siminti. Kuma sai ya yi sati uku ana ba shi ruwa. In ka yi gaggawa, babu hannuna."

Mutumin ya samo duro, ya samo siminti da tsakuwa. Ƙarfe mai nauyi ne ya yi masa wuya. Kullum kuwa yana wucewa ta gindin ceɗiya, kullum idonsa yana kan kwangirin nan. Shaiɗan ya zauna masa a kunne. Ai yanzu kowa da wayarsa, wa ke bukatar tsohon ƙarfe? Ai ba na kowa ba ne. Ya 'yan uwa, ku ji tsoron wannan kalma. Abin da aka ce ba na kowa ba ne, na kowa da kowa ne, masu shi sun fi ƙarfin a bi su ɗaya-ɗaya a roƙi gafara.

Wata Juma'a cikin damina aka kece da ruwa daidai lokacin salla. Maza duk mun tafi babban masallaci, mata suna cikin ɗakuna. Shi bai je ba. Ya kawo taraktarsa gindin ceɗiya, ya tallabe kwangirin da hannunta, ya kwance sarƙa, ya lulluɓe shi da buhuna, ya wuce filin itacensa da ke bayan unguwa. Ba wanda ya leƙo, don an saba da ƙarar taraktar.

Yanzu ina zai kai shi? Wurin Gaiya? Gaiya a unguwar nan aka haife shi, ranar da mahaifiyarsa ta rasu wannan ƙarfe aka buga. Ko a mafarki ya gan shi zai gane shi. Saboda haka mutumin ya yi aikin shi kaɗai. Ya tsayar da kwangirin cikin duro, ya soka rodin haka nan babu walda, ya kwaɓa siminti cikin gaggawa ya zuba har ya rufe. Bayan kwana huɗu kacal ya rataya duron a bayan tarakta, ya shafa masa jan fenti. Da Gaiya ya gani ya tambaya, sai ya ce wani ne ya yi masa a Bida.

Mu kuwa muka dawo daga Juma'a muka tarar da sarƙa tana lilo. Aka tara jama'a, aka tambayi kowa. Mutumin nan ya miƙe a gabanmu ya rantse da Allah bai san komai ba. Bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa, "Ni dai kwanaki na ga 'yan gwangwan tsaye da Baba Dawuda, amma ban ce komai ba fa."

Bai ce komai ba! Kafin magariba magana ta gama unguwa, wai tsoho ya sayar da ƙarfen ga masu sayen tsofaffin ƙarafa saboda talauci. Baba Dawuda bai iya musu ba, shi ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Ni? Ni zan sayar da shi?" 

Ba a kai shi ƙara ba, ba a zage shi ba. Abin da aka yi masa ya fi haka zafi. Gaisuwa ta gajarce. Yara suka fara kiransa mai gwangwan. Bayan wata ɗaya aka aika a karɓo mabuɗin masallaci, wai don a hutar da shi. Kun san wanda aka aika? Ni ne. Ni da nake zaune a gabanku ina wa'azi. Ya ciro mabuɗin daga aljihu ya sa mini a hannu, ya ce, "Ɗana, kai ma?" Na sunkuyar da kai na tafi. Har gobe idan na tuna sai in ji kunya.

Baba Dawuda ya tattara 'yan kayansa ya koma Maitumbi wurin 'yarsa Kubura. Bai cika shekara ba ya rasu. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana buga wa kowa uku-uku, ranar tasa ba abin da aka buga. Ta waya labari ya zo, wasu sai bayan kwana biyu suka ji. Sahu biyu muka yi a jana'izarsa, kuma mai itace yana cikin sahun farko.

Shi kam harka ta buɗe masa. Tarakta ta daina harbi, gumagumai suka cika fili. Yana ganin magana ta mutu, tunda wanda ake zargi ya shiga ƙasa, ƙarfe kuma yana cikin siminti. Wa zai fasa siminti ya duba? Ya manta da Wanda ba a rufe masa abu da siminti.

Shekara biyu bayan haka, wata ranar Talata da hantsi, ya ɗauki wani ƙaton gungumen kirya ya ɗaga shi sama zai ɗora a kan tari. Filin nasa gangare ne, ga fa, wato falalen dutse, a shimfiɗe. Ƙafar baya ta faɗa rami. Duron da tsatsa ta riga ta ci ya yage, simintin da bai taɓa ƙosawa ba ya tsage biyu, rodin da ba a ƙone da komai ba ya zare. Nauyin baya ya zube. Tarakta ta ɗaga, ta karkata, ta kife a kan ƙafafunsa.

Kwangirin kuwa ya fito daga cikin siminti ya faɗa kan fa. Ya buga, ya yi tsalle, ya sake bugawa.

Ina cikin gida na ji shi. Na ce kunnena ne. Sai na ga mahaifiyata, tsohuwa tukuf, ta ɗauki bokiti ta nufi ƙofa. Na fito na tarar da unguwa duk ta fito, Gaiya da tabaron walda a goshi, masu shago sun bar shagunansu a buɗe. Ba wanda ya kira wani. Muryar da muka sani tun muna goye ce ta kira mu.

Muka iske mai itace a danne yana salati. Muka cicciɓi tarakta ta ƙi motsi. Gaiya ya waiga, ya ga ƙarfen kwance da siminti a jikinsa, ga hujin sarƙa, ga wurin da gudumar Baba Dawuda ta lotsa. Ya dube shi, ya dubi mutumin. Sannan ya ce, "Ku kama, da shi za mu ɗaga." Muka cusa kwangirin ƙarƙashin tarakta, muka sa gungume muka danna, aka jawo shi. Ba wanda ya tambaye shi komai. Shi da kansa, cikin Keke Napep a hanyar asibiti, ya riƙa cewa, "Ni ne, ni na ɗauka, Baba bai sani ba."

Ƙafa ɗaya aka yanke, ɗayar ma ba ta ƙara miƙewa daidai ba. Tarakta tana nan a bayan unguwa, ciyawa ta fito ta cikin sitiyarinta. Itacen ya ruɓe a fili, don mutane sun gwammace su yi nisa su saya.

Da ya samu sauƙi ya roƙe ni in raka shi Maitumbi. Na je, domin ni ma ina da abin roƙo. Ya zube a gaban Kubura da sandunansa yana kuka. Ta bar shi ya gama. Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar guduma mai ƙotar roba ta ajiye a gabanmu. Ta ce, "Har ya rasu tana ƙarƙashin filonsa, yana cewa wataƙila a gano ƙarfen a neme shi. Ni haƙƙina na yafe muku. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba, sai kun same shi a can."

Ya 'yan uwa, kun ji. Ƙarfe ya dawo, Gaiya ya wanke shi ya mayar da shi jikin ceɗiya. Amma wa zai mayar wa Baba Dawuda gaisuwar da aka hana shi? Wa zai mayar masa da mabuɗi? Wanda ya ci kayan jama'a ya zalunci jama'a. Wanda ya jefa wa bawan Allah zargi don ya rufe laifinsa, ya ɗauki kayan da babu taraktar da za ta ɗaga masa ranar hisabi. Mu kuma da muka ji muka yarda ba tare da shaida ba, kada mu ce ba ruwanmu. Wanda ya san ya ɓata sunan wani, ya tashi ya je yau, tun mai haƙƙin yana iya buɗe baki ya ce na yafe.

Gudumar tana wurina yanzu. Duk ranar da aka yi rashi ni nake buga uku-uku, shi kuma mutumin yana zaune a ƙofar gidansa yana ji.

Allah ya jiƙan Baba Dawuda, ya wanke shi a gaban halitta kamar yadda ya wanke shi a gabanmu. Allah ya kiyaye mu da cin amanar jama'a, ya kiyaye harsunanmu daga mutuncin bayinsa, kada ya ɗauki ranmu da haƙƙin wani a wuyanmu. Amin.