Mutumin da Ya Kashe Wutar Tarewa

"To me ya sa sai ta bayan gonata za ku fara?"

"Saboda ta nan iska za ta kawo ta, Malam. Ba ni na ajiye daji a bayan gonarka ba."

"Ba kai ka ajiye ba, amma kai ka zo da ashana."

Ya 'yan uwa, masu wannan musun surukan juna ne. Bari in ɗan koma da ku baya.

An yi wani mutum mai gonar lemo a ƙarshen gari, inda gidaje suka ƙare daji ya fara. Allah ya ba shi itatuwa sama da ɗari biyu, da rijiyar burtsatse da injin ban-ruwa, ya kuma ba shi mace wadda in ya yi tari a gona sai ta ji a ƙirjinta tana ɗaki. Ba ya sha, ba ya caca, salla ba ta wuce shi. Ciwonsa ɗaya ne: zato. In ka gaishe shi da fara'a, ya ce me kake nema? In ka wuce ba ka gan shi ba, ya ce me kake ƙullawa? Har 'yan unguwa suka laƙaba masa Na-Gano-Ku, don ita ce kalmar bakinsa.

Yayan matarsa shi ne shugaban 'yan kwana-kwana na yankin. Wata rana ya zo gaishe da ƙanwarsa, ya ɓare lemo ɗaya, ya ce wuri irin wannan ko shi zai so ya tsufa a ciki. Yabo ne fa. Amma mutumin nan ya ɗauka ya adana a zuciya, shekara uku, kamar wanda ya tsinci shaida.

Sai aka yi wani rani mai tsanani, daji ya kama. Kwana biyar ana ganin hayaƙi a bayan tsauni. Rana ta koma ja kamar idon mai kuka, toka tana sauka kan wankin da aka shanya. 'Yan kwana-kwana suna wucewa fuska baƙi ƙirin, leɓe a tsage, mata na miƙa musu ruwa ta kan katanga.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. Gobarar daji in ta girma, ruwan tiyo ba ya tsayar da ita. Sai a riga ta. A share layi da tarakta, a cinna ƙaramar wuta a bakin layin da safe kafin iska ta tashi, ta cinye busasshiyar ciyawa. In babbar ta iso, ta tarar ba abin ci, sai ta kwanta. Ita suke kira wutar tarewa.

Ita Yaya ya zo cinnawa da hantsi, ya yi wa surukinsa wannan bayani har sau biyu. Mutumin yana gyaɗa kai, idonsa na wani wuri. Ya ga Yaya ya yi dariya da wani makaniki, maƙwabcin gonar. Dariyar me? Ya ga wani a cikin 'yan kwana-kwanan yana auna shingen gonar da taku. Awon me? Matarsa ta kama hannun rigarsa ta ce ya yi wa Allah ya bar su su yi aikinsu, Yaya ba zai ƙona gidan da ƙanwarsa ke kwana ba. Ya dube ta wani irin kallo da bai taɓa yi mata ba, ya ce, "Ashe da ke a ciki."

Ta saki rigar.

Da ma'aikatan suka cinna wutar suka ga ta kama yadda suke so, sai suka bi layin suka yi gaba. Suna ɓacewa a kwana, mutumin ya tada injinsa, ya ja tiyo ya tsallaka shinge. Ya kashe wutar tarewa tsaf, kamar taku arba'in, daidai faɗin bayan gonarsa. Ya dawo yana goge hannu, yana cewa ya gano su. Matarsa tana tsaye bakin taga, ta ga komai.

Ya 'yan uwa, ciyawar da aka jiƙa da hantsi, awa nawa za ta yi a gaban irin wannan zafi?

Bayan azahar iska ta juya. Wutar ta gangaro daga tsauni da ƙara kamar jerin manyan motoci. A dama ta tarar da toka, a hagu ta tarar da toka, a tsakiya ta tarar da ƙofa a buɗe. Ta shiga. Itatuwan lemo suka riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya, ƙamshinsu ya cika unguwa, ƙamshin da har yau wasu ba sa iya shaƙa ba su yi hawaye ba. Gidansa ya tafi. Garejin makaniki ya tafi, da gidaje tara a layin. Yaya ya dawo a guje da mutanensa, ya shiga gida na huɗu ya goyo wata tsohuwa da ba ta tafiya. Ita ta fita lafiya. Shi hannuwansa biyu suka ƙone har gwiwar hannu.

Wa ya ƙona gonar nan? Ba maƙiyi ba ne, don ba shi da maƙiyi sai wanda ya ƙera da kansa. Zato ba ya zuwa da kamar zunubi, da kamar wayo yake zuwa. Ya ce maka kai kaɗai ke gani, kowa barci yake. Ya mayar da yabo barazana, ya mayar da mai ceto ɓarawo, har ka ɗauki ruwa da hannunka ka kashe abin da aka kunna don ranka. Allah ya kiyaye mu da zuciyar da ba ta iya yarda da alheri, ya saka wa masu shiga wuta dominmu.

Ko kun ɗauka ya farka? Kwana uku bayan haka, a ajin makarantar da aka tsugunar da su, tsakanin katifu da buhunan kayan agaji, aka ce masu bincike za su zo su ji yadda layin ya ɓalle. Ana ta raɗe-raɗin sakacin Yaya ne, har ana cewa za a tuɓe shi. Mutumin ya matso kusa da matarsa, ya rage murya. Ya ce in an tambaye ta, ta ce tana kicin, ba ta ga komai ba. Ya ce ai wa ya sani ma ko da gangan suka bar wurin.

Ta daɗe tana kallonsa, kallon mai neman wani mutum a fuskar da ta sani. Makaniki da iyalinsa suna katifar gefe. Sai ta miƙe ta gyara mayafinta, ba ta kuwa rage murya ba.

"Malam, shekara goma sha huɗu ina rufa maka asiri. Yanzu asibiti za ni, in ba Yaya abinci a baki. Gobe kuma in sun tambaye ni, zan faɗi abin da na gani ta taga."