Gyaran Shamsuddeen da Aka Maido

Shamsuddeen ɗan ƙanena ne, Ismail na Maiyama. Yana da kai, amma girman kan ya fi kan. Tun da ya koyi kwamfuta a Aliero ya daina gaida mutane da kyau. In an yi masa magana sai ya ɗaga gira.

Wani mai makarantar koyon kwamfuta a Aliero, Malam Attahiru, ya nemi malami ɗaya. Mutum biyu suka zo, Shamsuddeen da Rabi'u na Sabiyal. Makarantar tana aiki da wata manhaja ta kyauta, wadda kowa a duniya ke iya gyarawa. Malam Attahiru ya ce musu, "Wanda aka karɓi gyaransa kafin wata ya mutu, aiki nasa ne."

Abin yana da ƙa'ida. Mai gyara zai tura shi ta imel zuwa zauren masu aikin, inda kowa ke karantawa. Gyara ɗaya, saƙo ɗaya. Rubutu tsurarsa, ba ado. Sai manya su duba, su karɓa ko su maido.

Shamsuddeen ya zo shagon intanet na Altine a Jega, kusa da rumfar albasata. Ya haɗa gyara arba'in ya cusa cikin saƙo guda. Ya yi wa rubutun kala, ya ƙawata sunansa da manyan haruffa.

Altine ya leƙa ya ce, "Malam Shamsu, adon ga zai ɓata layukan. Tura ma kanka tukuna, ka gani in ya hau kan manhajar."

"Kai da ke sayar da minti, mi ka sani?"

"Na san buhu in ya cika tsiya, baki ba ya ɗinkuwa."

Na ce, "Yaro, ji maganar Altine."

Ya ce, "Baba, wanga ba albasa ba ce." Ya danna, ya tura.

Bayan kwana biyu amsa ta zo daga wata mata mai kula da manhajar. Ta gode masa. Ta ce adon ya lalata layukan, gyaran ya ƙi hawa. Ta ce ya rarraba shi, ya gwada kowanne, ya sake turowa. A ƙarshe ta ce akwai abin kirki a ciki.

Wannan kalma ta ƙarshe bai gan ta ba. Ya zauna ya rubuta mata shafi guda na zagi. Ya ce hassada ce, ya ce su jahilai ne, ya ce ya fi ƙarfin zaurensu. Altine ya riƙe masa hannu.

"Kowa zai karanta, kuma ba ya gogewa."

"Su karanta! Don su na rubuta."

Ya tura. A zauren ba wanda ya tanka masa. Sati uku yana zuwa daga Maiyama a kan babur, yana buɗe akwatin saƙo, ba komai.

Shi kuwa Rabi'u layi uku ya tura. Aka maido masa sau huɗu. Sau huɗu ya gode, ya gyara, ya sake turawa. A na biyar aka karɓa.

Ranar da wata ya mutu, Shamsuddeen ya sa babbar riga ya tafi Aliero, uban na biye da shi. Malam Attahiru ya miƙo takarda. Zagin ne, ya bugo shi daga zauren.

Ya ce, "Cikin aikinka duka, wanga kaɗai ya isa ga jama'a yadda ka rubuta shi. In yaro ya yi kuskure a aji, da shi za ka koya masa?"

Ismail ya karɓi takardar, ya sa aka karanta masa. Ya ɗauki takalmansa ya fita, ya bar ɗan a tsaye.

Darasi: Wanda ya kai aiki gaban mutane ya bi ƙa'idarsu, komai saninsa. In an maido maka da gyara, ba wulaƙanci ba ne, an ba ka dama ta biyu ne. Mai ƙin a gyara shi bai isa ya gyara komai ba.